Biya, yafiya da ramuwa a bakin kalma guda: tarihin "quit" a Turancin da

A ranar 26 ga Disamba 1604 aka yi wa Sarki James na Ɗaya wasan kwaikwayo a fadarsa ta Whitehall da ke Landan. Wasan na William Shakespeare ne, mai suna Measure for Measure, kuma a fitowarsa ta ƙarshe akwai abin da ke ɗaure wa ɗaliban Turanci kai har yau. Mai mulkin birnin Vienna ya yi shigar burtu ya saje da jama'a don ya ga yadda muƙaddashinsa Angelo zai riƙe gari. Angelo ya yanke wa wani saurayi, Claudio, hukuncin kisa saboda ya yi wa budurwarsa ciki, sannan shi da kansa ya nemi 'yar'uwar saurayin da lalata bisa alkawarin zai saki ɗan'uwanta, ya kuma saɓa alkawarin. Da mai mulkin ya bayyana kansa ya zauna shari'a, sai ya ce rai a bakin rai, ya ƙara da cewa "like doth quit like", wato abin da mutum ya yi da irinsa ake rama masa. Ba a tashi daga zaman ba aka shigo da Barnardine, mai kisan kai kuma mashayi, wanda ya shekara 9 a kurkuku. Shi kuma aka ce masa game da laifuffukansa na duniya, "I quit them all", na yafe su duka. Da ta bayyana cewa Claudio na nan da ransa, mai mulkin ya juya ga Angelo ya ce "your evil quits you well", sharrinka ya saka maka da alheri.

Bakin mutum ɗaya, zama ɗaya, fi'ili ɗaya, amma da shi aka yanke hukuncin ramuwa, da shi aka yi afuwa, da shi aka yi zancen sakayya. Wanda ya koyi Turanci a makarantar yau ya san quit da ma'anar bari: a bar aiki, a bar shan taba, ko mai gida ya ba ɗan haya takardar tashi. To wannan ma'anar ita ce auta. Shekaru ɗaruruwa kafin ta yi ƙarfi, aikin kalmar shi ne biyan bashi, rama alheri, rama mugunta, sakin wanda ake tuhuma da yafe laifi. A ido waɗannan kishiyoyin juna ne, tunda mai yafewa ai ya haƙura da biya ke nan. Abin da ya haɗa su shi ne kalmar ba ta damu da hanyar da aka bi ba. Abin da take kallo shi ne halin da mutum ya shiga bayan an gama: babu sauran mai binsa komai.

Asalinta daga Latin ne, quietus, mai nufin wanda ke cikin hutu da natsuwa, ba a tsangwamarsa. Akawunan Turai na tsakiyar zamani suka ɗauke ta suka ba ta aikin lissafi, suka taƙaita ta zuwa quitus ko quittus. A tsohon Faransanci ta zama quite ga mutumin da ya kuɓuta daga wani nauyi, da quiter ga aikin kuɓutar da shi. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, Latin kuma harshen takarda, Turanci ya koma na talaka. Ta wannan ƙofar kalmar ta shigo. Daga cikin rubuce-rubucen Turanci na farko da aka gan ta akwai Ancrene Wisse, littafin jagora da aka rubuta wa mata masu zaman kaɗaici don ibada a farkon ƙarni na 13, inda ta fito da tsohon salon rubutu na cw a madadin qu. Ba ita kaɗai ke da irin wannan tarihin ba. Kalmar pay ta biya daga pacare ta fito, wato kwantar da hankalin mutum, a sulhunta da shi. Kalmar fine ta tara daga finis ta fito, ƙarshen rigima. Duk ukun suna ɗaukar bashi a matsayin hayaniya, biya kuma hanyar da ake sa mai hayaniyar ya yi shiru.

Wanda yake son ganin inda biya da yafiya suka haɗu da idonsa, sai ya leƙa baitulmalin sarkin Ingila na ƙarni na 12, wanda suke kira Exchequer. Sunan daga wani teburi ne da ake shimfiɗa wa ƙyalle mai zanen gida-gida. Kowane layi na da darajarsa, na kwabo, na sule, na fam, na fam 20, na fam 100, na fam 1,000, ana ɗora ƙwayoyin ƙirga a kai, domin lissafi da lambobin Rumawa a takarda jan aiki ne. Sau biyu a shekara, lokacin bikin Ista da kuma ƙarshen Satumba, wakilin sarki na kowace gunduma, wanda ake kira sheriff, zai zo ya zauna gaban manyan fada. A zuwan farko yakan kawo wani kaso na kuɗin, a na biyu a yi masa ƙididdiga ta ƙarshe. A jere abin da sarki ke binsa a sama, abin da ya kawo a ƙasa, kowa na kallo.

Rasit ɗinsa sanda ce. Richard FitzNeal, ma'ajin Sarki Henry na Biyu, ya bayyana yadda ake yinta a littafin da ya rubuta kan aikin baitulmalin wajajen ƙarshen shekarun 1170. Ana samun reshen itacen hazel a yi masa tsaga gwargwadon kuɗin: faɗin tafin hannu ga fam 1,000, faɗin babban yatsa ga fam 100, ƙaramin yatsa ga fam 20, ƙwayar sha'ir ga fam ɗaya, kwabo kuma ɗan zane kawai ba tare da an cire itace ba. Sai a tsaga sandar gida biyu a tsaye, mai biya ya riƙe ɓari, baitulmali ya riƙe ɓari. Ranar ƙididdiga a haɗa su, in wani ya ƙara tsaga a nasa sai asirinsa ya tonu. Dabarar ta yi ƙarko fiye da kima, don ba a daina ta ba sai 1826. A ranar 16 ga Oktoba 1834 aka sa ma'aikata su ƙona tarin tsofaffin sandunan a murhun da ke ƙarƙashin zauren majalisar dattawan ƙasar, wutar ta ƙwace ta cinye mafi yawan ginin majalisar dokoki.

Sakamakon ƙididdigar kuma a rubuta shi a dogayen fatun tumaki da ake naɗewa kamar bututu. Mafi tsufa da ya tsira na shekarar 1130 ne, zamanin Henry na Ɗaya, kuma daga farkon mulkin Henry na Biyu suka jeru kusan babu yankewa har farkon shekarun 1830. Tsarin rubutun ba ya canzawa. Wane ya ba da lissafin kaza. Abin da ya shiga taska, kaza. Sai wani layi da ke cewa in perdonis per breve regis, wato abin da aka yafe da takardar sarki, kaza. In jimillar ta cike abin da ake bi, akawu ya rufe da kalmomi uku, et quietus est, ya huta, an sallame shi. In da saura, ya rubuta et debet, ana binsa.

Nan gizo ke saƙa. Azurfar da aka auna aka zuba a taska da kuɗin da sarki ya ce a bar wa wane, a layi ɗaya ake tara su, kuma da kalma ɗaya ake rufe su. Harajin ƙasa da ake kira danegeld, sule 2 a kan kowane ma'aunin gona, an cika yafe shi ga manyan fada, limaman coci da na hannun daman sarki, kuma fatar 1130 cike take da sunayensu. A wajen akawu, talakan da ya sayar da saniyarsa ya biya da bafaden da aka ɗauke masa, duka quietus ne. Mai karatu ya san makamancin wannan a wajen jana'iza, lokacin da ake shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo a biya shi ko ya yafe. Ko wanne aka yi, abin da ake nema ɗaya ne, a sauke wa mamacin nauyi. Bambancin wanda ya ɗauki asarar, magada ko mai bin bashi, ba ya cikin abin da ake shelar.

Daga baitulmali kalmar ta bazu cikin harkar ƙasa. Sarakuna kan ba garuruwa da gidajen ibada takardar cewa mutanensu quieti ne daga kuɗin shiga kasuwa da na fito, wato an ɗauke musu tun kafin a bi su. Wanda ya janye da'awarsa a kan gona yakan yi abin da ake kira quitclaim, ya furta cewa ya bar wancan ya huta, shi da magadansa ba za su sake tayar da maganar ba. Manomin da ke kan ƙasar ubangida, wanda al'ada ta ɗora masa kwanakin aiki a gandu, yana iya biyan quit-rent, ɗan kuɗin da ke fanshe shi daga aikin. Wani reshe na wannan na nan da rai. Duk shekara hukumar tsohon birnin Landan kan kai wa wani jami'in shari'a na sarki wuƙaƙe biyu, ɗaya mai kaifi ɗaya dakusasshiya, a madadin wani fili da ke Shropshire, al'adar da ke cikin rubutu tun 1211, da kuma takalman doki na ƙarfe 6 da ƙusa 61 a madadin wata maƙera da aka ba da wurinta a 1235. Maƙerar ta daɗe da ɓacewa, amma ana ƙirga ƙusoshin.

Sai dai kada daɗin kalmar ya rufe mana ido. Inda yafiya da biya ke kwana a layi ɗaya, yafiya kan zama haja. Fatun baitulmali na ɗauke da mutanen da suka yi tayin kuɗi don sarki ya huce, ko don ya dawo musu da yardarsa, kuma babu wanda ya ƙware a wannan ciniki kamar Sarki John. Dabararsa ita ce ya bar manyan ƙasa da bashin da ba za su iya biya ba, ya ƙi karɓa, ya kuma ƙi yafewa, ya riƙe su da shi kamar linzami. William de Braose na cikin na gaban goshinsa. A 1201 ya yi alkawarin mark 5,000, kowane mark kashi biyu cikin uku na fam, don a ba shi ƙasar Limerick a Ireland, kuma shekaru suka wuce bai biya abin kirki ba, ba wanda ya ce uffan. Da suka ɓata a 1208 sai bashin ya farka. Aka ƙwace gidajensa, ya tsere, aka kama matarsa Maud da babban ɗansa a 1210, aka ɗora musu fansar mark 40,000, suka mutu da yunwa a kurkuku. Shi kuma ya rasu a gudun hijira a Faransa a 1211. John ya fitar da takarda yana kare kansa da cewa dokar baitulmali ya bi. Ba mamaki da manyan ƙasa suka tilasta masa sa hatimi a Magna Carta, takardar da ta taƙaita ikon sarki, a 1215, suka saka sashen da ya hana ƙwace ƙasar wanda ake bi muddin kayansa na hannu sun isa biya, ya kuma hana a taɓa waɗanda suka tsaya masa muddin shi kansa yana da halin biya. A ƙarshen sashen ma kalmar tamu ta fito, inda ake maganar mai bashin ya nuna cewa shi quietus ne a wajen masu tsaya masa.

Haka abin yake a laifin jini. Daga 1294 Edward na Ɗaya ya shiga ba masu kisa da 'yan fashi takardar afuwa bisa sharaɗin su tafi yaƙi a rundunarsa, suka biya da jikinsu ke nan. Abin ya yi yawa har majalisa ta yi ta kuka, aka yi dokar taƙaita afuwa a 1328, aka sake wata a 1390. Amma akwai iyakar da sarki bai tsallake ba. Takardar afuwarsa tana yafe haƙƙin sarauta ne kawai, kuma galibi tana ɗauke da sharaɗin cewa wanda aka yafe wa zai tsaya gaban kotu in dangin mamaci suka ɗaukaka nasu ƙorafin. Mai bin bashi biyu ne, kowa da bakinsa, ɗaya ba ya yin shiru a madadin ɗaya.

Kada kuma a ɗauka Normawa ne suka koya wa Ingilawa kallon laifi a matsayin bashi. Sun tarar da shi. Dokokin Sarki Æthelberht na Kent, na wajajen shekara ta 600, waɗanda su ne rubutacciyar doka mafi tsufa da harshen Turanci, kusan jerin farashi ne: sule 100 diyyar ɗa mai 'yanci, sule 50 in an cire ido, sule 20 babban yatsa, sule 6 kowane ɗaya daga haƙoran gaba huɗu. Fi'ilinsu na biya shi ne gieldan, kakan yield ta yau, na yafiya kuma forgiefan, kakan forgive, wanda asalinsa bayarwa ne gaba ɗaya. Kalmarsu scyld kuwa tana nufin bashi tana kuma nufin laifi, kamar yadda Schuld ke yi a Jamusanci har gobe. Coci ta ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Addu'ar da kowane Kirista ke haddacewa, a Latin ɗin da ake karantawa lokacin, roƙo ne a yafe "basussukanmu". Anselm, babban limamin Canterbury daga 1093 zuwa 1109, ya gina bayaninsa na zunubi a kan cewa girmamawa ce da ɗan'adam ya hana Ubangiji, don haka bashi ne da sai an cike shi. Abin da baƙuwar kalmar ta kawo sabo shi ne fi'ili guda da ke ɗaukar duka ɓangarorin biyu, wanda gieldan da forgiefan suka raba tsakaninsu.

Wanda ya fi kowa wasa da wannan dama shi ne Geoffrey Chaucer, kuma ba abin mamaki ba ne. Daga 1374 zuwa 1386 shi ne mai sa ido kan kuɗin kwastan na ulu da fatu a tashar jiragen ruwan Landan, da sharaɗin ya rubuta lissafin da hannunsa. Mawaƙi ne da ya shekara 12 yana ganin yadda ake rufe asusu. A Canterbury Tales, wanda ya fara wajajen 1387 ya kuma rasu a 1400 bai kammala ba, ayarin masu ziyarar kabarin Thomas Becket, babban limamin Canterbury da aka kashe, sun yi yarjejeniyar kowa ya ba da labari a hanya. Tun a masauki, mai masaukin ya yi musu addu'a da wannan fi'ili, cewa shahidin ya saka musu da ladansu. Wannan ita ce fuskarsa mafi kyau, irin ta "Allah ya saka da alheri".

Barde ne ya fara, ya kawo dogon labarin soyayya da jarumta na 'ya'yan sarauta. Mai masauki ya juya ga wani babban ɗan zuhudu, wanda shi ke biye a daraja, ya ce ya kawo abin da zai quite labarin barden. Nufinsa a kawo tamkarsa, a mayar da biki. Sai mai niƙa, a buge, da ƙyar yake zaune kan dokinsa, ya tsoma baki ya rantse cewa shi ne zai quite labarin barden. Kalmar da mai masauki ya faɗa ita ya maimaita, amma ya juya mata baki. Labarinsa na maza biyu ne masu neman mace ɗaya, daidai da na barden, sai dai macen matar wani tsohon kafinta ce, kuma abin da ya biyo baya batsa ce da shaƙiyanci. Ya biya barden da kuɗin jabu da gangan, ya nuna cewa abin da manya ke kira soyayya shi ma ya san sunansa.

Cikin ayarin akwai sarkin gandun wani attajiri, wanda ya koyi kafinta a ƙuruciyarsa, sai ya ɗauka da shi ake. Chaucer ya riga ya gaya mana cewa mutumin nan gwanin lissafi ne, babu mai binciken asusu da ya taɓa kama shi. Ya ce zai rama nan take, ya kawo labarin wani mai niƙa ɓarawon gari a kusa da Cambridge, wanda ɗalibai biyu suka wulaƙanta a cikin gidansa, ya rufe da cewa ga shi ya quit mai niƙa. A nan kalmar ta zama ramuwar gayya tsantsa. Can gaba ma, ɗan sammacin kotun coci ya yi wa wani mai wa'azin yawo alwashin zai biya shi har groat na ƙarshe, wato tsabar azurfa mai darajar kwabo 4. Cikin shafuka kaɗan fi'ilin ya tashi daga addu'a ya koma gasa, ya koma izgili, ya koma gaba. A ganina Chaucer ya hango abin da akawun baitulmali bai damu ya gani ba: a takarda quietus na rufe magana, amma tsakanin mutane kowace ramuwa sabon bashi take buɗewa, domin mai ramawa ba ya tsayawa daidai inda aka tsaya masa.

A ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17 ma'anonin duka suna raye kafaɗa da kafaɗa. A wasan Shakespeare mai suna Henry V na 1599, sarki ya ce wa manyan fadawa uku da suka ƙulla masa makirci a Southampton "God quit you in his mercy", Allah ya yafe muku da rahamarsa, sannan a numfashi na gaba ya yanke musu hukuncin kisa. Ya bar wa Allah yafiya, ya riƙe biya a hannunsa. A wasansa King Lear kuwa, dattijon da aka ƙwaƙule wa idanu da wannan fi'ilin ya kira ɗansa ya ɗaukar masa fansa. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 ta adana wani amfani da ya fi su fito da asalin ma'anar. A sura ta 21 ta Littafin Fitowa, in mutum ya bugi wani a faɗa har ya kwanta, sannan ya tashi yana dogara sanda, wanda ya yi bugun zai zama quit, sai dai zai biya shi lokacin da ya ɓata ya kuma ɗauki nauyin jinyarsa. Ga mutum an ce ya kuɓuta, ga shi kuma zai biya. Ba saɓani a ciki, domin daga alhakin jini ya kuɓuta, sauran haƙƙin na nan. Haka mai bijimin da ya soki mutum ya mutu: a jefe bijimin, mai shi ya kuɓuta, sai in an san dabbar da halin kuma an gargaɗe shi ya yi biris.

Daga nan gidan ya fara rabuwa. Kalmar ta daɗe da lafazi biyu, mai dogon wasali da mai gajere, kuma sannu a hankali kowane ya kama hanyarsa. Ramuwa da sakayya suka koma ga requite, wadda yau ba a cika jinta ba sai a zancen son maso wani. Yafiyar mai mulki ta koma ga pardon, ta tsakanin mutane ga forgive, biyan kuɗi ga pay. Acquit, wadda da farko take nufin biyan bashi, ta ƙuntata ta zama ta kotu, ko da yake tsohuwar ma'anar na leƙowa in an ce mutum ya acquit kansa da kyau, wato ya sauke nauyin da ke kansa. Quite ta zama kalmar ƙarfafawa mai nufin sarai, tunda wanda ya kuɓuta ya kuɓuta ne ɗungurungum. Quits ta rage a bakin 'yan caca da yara, an yi kunnen doki, ba mai bin wani. Ita kuwa quit ta bi ta kan ma'anar sakin haƙƙi: wanda ya saki da'awarsa a kan gona ya bar ta, wanda ya bar ta ya tashi daga kanta, daga nan sai barin gari, barin aiki, barin ɗabi'a. A wasu harsunan ma'anar lissafin ce ta tsira, shi ya sa rasit a Jamusanci Quittung ne, a Faransanci kuma ana ce wa takardar shaidar biyan haya quittance.

Rabuwar da ta fi nauyi ita ce ta tsakanin wankewa da afuwa, kuma an daɗe kafin a kai gare ta. A ƙarƙashin dokar Gloucester ta 1278, wanda ya kashe mutum bisa kuskure ko don kare kansa ba a sallamarsa kai tsaye. Sai masu taya alƙali shari'a sun faɗi yadda abin ya faru, a mayar da shi tsare, ya jira afuwar sarki, ko da kowa ya yarda ba shi da laifi. Sai a 1828 aka soke buƙatar hakan gaba ɗaya. Dokar Ingila da Nijeriya ta gada ta riƙe bambancin, ta kuma riƙe inuwar tsohuwar haɗuwar. In 'yan jarida suka ce kotu ta sallami wane ta kuma wanke shi, acquit ce ake fassarawa, ma'ana tun farko ba a tabbatar ana binsa komai ba. Afuwa kuwa, wadda sashe na 175 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa, na 212 kuma ya ba gwamnoni, tana ɗauka cewa akwai abin da ake bi amma an bari. Duk da haka sashe na 36 ya jera su kusa da juna: wanda aka hukunta ko aka wanke ba a sake gurfanar da shi kan laifin sai da umarnin babbar kotu, wanda aka yi wa afuwa shi ma ba a sake gurfanar da shi. Ta fuskar rufe fayil, dukansu sun huta.

Ta fuskar suna da mutunci kuwa ba ɗaya ba ne, kuma mutane sun san haka. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya yi wa Ken Saro-Wiwa da sauran 'yan Ogoni takwas da gwamnatin soja ta rataye a ranar 10 ga Nuwamba 1995 afuwa, tare da lambobin girmamawa na ƙasa. Wasu daga iyalansu da masu fafutukar kare haƙƙin ɗan'adam suka ce ba wannan suka nema ba. Hujjarsu ita ce afuwa ta mai laifi ce, su kuwa abin da suke so gwamnati ta furta shi ne mutanen nan ba su aikata komai ba.